Amsa ga ƙanwata mai tambaya kan nagari da mugu

Salamu alaikum jama'ar gida. Ƙanwata da ta yi tambaya jiya da daddare, wai abin da ke ɗaure mata kai shi ne duk littafin da ta ɗauka sai ta tarar an raba mutane gida biyu, ga nagari ga mugu, ƙarshe mugu ya sha kunya, to shin haka ɗan Adam yake da gaske ko marubuta ne ke mana daɗin baki? Na ga malamai sun ba ki amsa da ayoyi, Allah ya saka musu. Ni ba malami ba ne, hatsi nake sayarwa a Sabon Gari, amma na ɗan yi karance-karance kuma akwai abin da ya same ni da zai yi miki amfani, ki yi haƙuri da tsawon rubutun.

Muna firamare a Tudun Wada muka karanta Magana Jari Ce na marigayi Abubakar Imam, wanda aka fara bugawa a nan Zariya a 1937. Kowa ya san Waziri, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar masa amanar gari shi kuma ya haɗa baki da Sarkin Sinari don a ba da Musa ɗan Sarki, aku ya dinga riƙe yaron da labari har gari ya waye. To wlh duk ajinmu ba wanda ya taɓa ganin kansa a Waziri, kowa Musa ne ko aku. Nan matsalar take, in an ware mugu can gefe an ba shi sunansa da rawaninsa sai mai karatu ya samu natsuwa, ai ga shi can, ba ni ba ne. Tatsuniyar kakanninmu ma ta fi faɗin gaskiya a nan, don Gizo maƙaryaci ne ga haɗama ga cin amana, amma shi muke goya wa baya muna yi wa Kura dariya, ba wanda ya taɓa tambayar kansa me ya sa.

Amma kar ki ce duk littattafanmu haka suke. Nemi Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, yana cikin na farkon nan da suka fito bayan gasar rubutu ta 1933. Abubakar shi aka zalunta, Malam Shehu ya sa dukiya ya raba shi da Zainabu, kina tausayinsa kina cewa Allah ya isar masa. Sai ya tafi neman asirin ramuwa, kuma a kan wa ta sauka? A kan Kyauta ɗan Malam Shehu, yaron da ba a ma haife shi ba lokacin da aka yi abin, ya tashi ɓarawo har ya kashe ubansa bai sani ba. To faɗa min waye mugu a nan. Mutum ɗaya ne kika fara da yi masa kuka kika ƙare kina tsoronsa, kuma ba za ki iya nuna shafin da ya juya ba. Ni a ganina ya fi da yawa daga cikin na yanzu da za ki ga kishiya ko uwar miji tun shafin farko baƙar aniya ce tsagwaronta kamar ba uwa ce ta haife ta ba.

Yanzu nawa labarin. Shekara bakwai ke nan taransifomar unguwarmu ta ƙone, muka yi wata biyu a duhu, aka ce a yi karo-karo. Ni aka ba ajiya saboda wai Alhaji ba ya rasa sahun gaba. Wanda ya bi gida-gida yana karɓa kuwa wani yaro ne da kowa ya sani da shaye-shaye, ni kaina na hana yarana zama da shi, an sa shi ne kawai don ba mai iya hana shi kuɗi. Ya kawo min N480,000 cif, ko naira ba ta yi ciwon kai ba.

A satin nan aka ce min masara ta yi araha a kasuwar Giwa. Ƙanwata, zuciya ba ta taɓa ce maka saci, ta fi ka wayo. Aro ta ce min. Ta ce sati biyu ne ka juya ka mayar, har ka ɗora musu wani abu a kai sadaka, ai taimakon unguwa ma za ka yi. Na ɗebi dubu 150 na sayo buhuna na jibge a shago, kuma ranar ma a sahun gaba na yi la'asar, ban ji komai ba. Aka yi ruwa kwana uku, ashe kwanon shagon na yoyo, masara ta yi fumfuna ta tashi daga aiki.

Da aka zo biyan masu gyara kuɗi bai cika ba na fara kwana-kwana, yau banki gobe netwok. Sai ƙus-ƙus ya tashi a majalisa cewa ai dama wa ya ce a ba ɗan ƙwaya karɓar kuɗi, shi ya yanke wani abu. Ina zaune a kan tabarmar ana faɗa. Ban ce shi ne ba, amma ban ce ba shi ba ne, na dai sunkuyar da kai ina jan carbi. Sati biyu cur ina wannan shirun, kuma har ga Allah shi ya fi ɗibar kuɗin muni, don kuɗi na yi niyyar mayarwa, mutuncin yaron fa da me zan mayar?

Abin da malamai ke karantar mana na nafsul ammara da ke cikin Suratu Yusuf da lawwama ta Suratul Ƙiyama, da ina ɗauka kamar aji ne, ka gama ɗaya ka shiga biyu. Ashe a dare ɗaya suke zuwa, ɗaya na cewa kwanta ai ba wanda ya sani, ɗaya ta hana ka runtsawa har kiran assalatu, kuma duk biyun da muryarka suke magana, shi ya sa rabewa ke wuya. Uwargida ce ta gane, ta ce Alhaji tuwon nan kwana nawa kana dawo min da shi, na faɗa mata, ba ta ce min komai ba sai cewa ta yi sayar da babur ɗin. Na sayar na cika kuɗin aka kawo wuta.

A majalisa na ce lissafi ne ya rikice a wajena, yaron ba ruwansa. Kin ga ko a nan rabin gaskiya na faɗa, sauran sai yau da nake rubuta miki. Shi kam na same shi a bakin rumfar mai shayi na ce ya yafe min, na fara zagaye-zagaye sai ya katse ni ya ce Baba ai na sani tun tuni, ni na taya yaranka sauke buhunan daga mota. Na ce to me ya hana ka faɗa ana zaginka? Ya ce wa zai yarda da ni a kanka, kuma ni na riga na saba, kai ba ka saba ba.

Har yau bai bar shaye-shayen gaba ɗaya ba, kar ki ce zan ce miki ya zama liman, bara ma sai da aka je belinsa kan faɗa. Ni kuma bana da aka zo batun kuɗin gyaran kwalbati aka sake miƙo min ajiya, na ce a'a a buɗe asusu a banki mutum uku su sa hannu, har wasu na cewa Alhaji tsantseni ya yi masa yawa.