An hana Hajiya bizar zuwa wankan jego, a sake nema?

Wata 'yar'uwa ce ta rubuto daga Birmingham: "Assalamu alaikum Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila, ina da cikin fari wata bakwai. Na nema wa mahaifiyata bizar ziyara ta zo ta yi min wankan jego. A Jos take, Unguwar Rogo, tana sayar da atamfa a gida. Ta yi sammako ta je Abuja aka ɗauki hoton yatsunta, bayan mako uku takarda ta fito an hana. Sun ce ba su gamsu da naira miliyan 3 da suka shiga asusunta ba, kuma ba su gamsu za ta koma gida ba. Kuɗin yayana ne ya ara mata, mai cike mana fom ne ya ce a zuba. Yanzu ya ce a yi sabon fasfo a sake nema kamar ba a taɓa yi ba. Ya zan yi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raba lafiya, ya kawo mai albarka.

Zan fara da maganar sabon fasfo, domin ita ce ta fi tayar min da hankali. Kada ku yarda. Ranar da Hajiya ta ɗora yatsunta a kan na'urar nan a Abuja, an adana su tare da hotonta, kuma sabon fasfo ba ya canja yatsa. A fom akwai tambaya ƙarara: an taɓa hana ki biza? In aka amsa a'a, an tashi daga rashin gamsuwa an koma yaudara, kuma a dokar shige da fice ta Birtaniya hukuncin yaudara kan kai haramcin shekara 10. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Hanin da aka yi mata yanzu ba haramci ba ne. Bizar ziyara ba ta da ɗaukaka ƙara, tun 2013 aka cire wannan damar ga masu ziyarar dangi, amma babu wani wa'adi da aka ɗora mata kafin ta sake nema. Ko gobe tana iya shigar da sabon fom, sai dai kuɗin da aka biya a baya ya tafi, sabo za a biya.

Wannan mai cike muku fom ɗin kuma ku rabu da shi. Na ga irinsu da yawa a nan Abuja, sun kafa tebur da kwamfuta, fom ɗaya suke cike wa kowa, tsohuwa da ɗalibi duk labarinsu ɗaya. Idan abu ya ɓaci, sunan Hajiya ne a kan takardar, shi ko ƙwarzane ba zai samu ba.

Yanzu ki ɗauko takardar hanin ki karanta ta a tsanake, layi bayan layi, domin jami'in ya faɗa miki abin da ya dame shi. Ki sa kanki a kujerarsa. Ga asusun dattijuwa, dubu 40 ta shiga yau, dubu 25 ta fita jibi, wata da watanni haka yake tafiya. Kwatsam, ana saura kwanaki a nemi biza, sai miliyan 3 suka faɗo, babu bayanin inda suka fito. Shi bai san yayanki ba, bai san Unguwar Rogo ba, takarda kawai yake gani. Da ya ga an yi wa asusu kwalliya, sai ya fara shakkar sauran abin da aka rubuta, har da alƙawarin komawa gida.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne ba a ma buƙatar wannan kuɗin. Dokar ta yarda wani ya ɗauki nauyin baƙo, in dai akwai dangantaka ta gaskiya tsakaninsu, mai ɗaukar nauyin yana zaune a ƙasar bisa ƙa'ida, kuma yana da halin yi. Ke ce wannan mutumin. Ki rubuta wasiƙar gayyata ki ce tikiti, ci da sha da masauki duk a kanki suke. Ki haɗa da shaidar izinin zamanki, takardun albashinki, bayanin asusunki na 'yan watannin nan, takardar hayar gida, takardar haihuwarki mai ɗauke da sunan Hajiya, da ta asibiti mai nuna lokacin da ake sa ran haihuwa. Asusun Hajiya kuma a bar shi yadda Allah ya yi shi. A mayar wa yaya kuɗinsa ta banki, yadda za a ga fitarsu, sannan a faɗi gaskiya a wasiƙa: ɗanta ne ya tura, bisa gurguwar shawara, an kuma mayar. Shi ma ya rubuta ya sa hannu, a haɗa da bayanin asusunsa. Na san faɗin haka da nauyi, amma jami'in da zai duba sabon fom yana ganin tsohon, kuma shiru a kan miliyan 3 ya fi amsa laifi muni.

Sai batun komawa gida, inda mutanenmu suka fi faɗuwa. Rayuwar Hajiya cike take da abubuwan da suka ɗaure ta a Jos, matsalar ita ce yawancinsu ba sa kan takarda. Aikinku shi ne ku fito da su. Littafin nan da take rubuta masu bashin atamfa, rasit na dilolin da take sarowa, kuɗin da masu saye ke turo mata ta waya, duk shaida ne cewa akwai sana'ar da ke jiran ta. In mahaifinku na raye, a sa takardar aure. In akwai ƙanne ko jikoki a hannunta, a sa takardun makarantarsu, a kuma faɗi wanda zai kula da su kafin ta dawo. In gidan nata ne, a sa takardar. A nan ki lura: yawancin takardun cinikin gida da aka yi a gaban mai unguwa da Hausa aka rubuta su, kuma duk takardar da ba da Turanci take ba sai an haɗa ta da fassarar ƙwararren mai fassara, da sunansa da sa hannunsa da kwanan wata. In tana adashi kuma kwasarta ta faɗo cikin watannin nan, uwar adashi ta rubuta bayani. In ta taɓa zuwa Hajji ko Umara, a haɗa da tsohon fasfon mai hatimin shiga da fita, domin yana nuna ta fita ta dawo.

Tsawon zaman ma ki duba shi. Bizar na ba da damar zama har wata 6, shi ya sa mutane ke rubuta wata 6 kai tsaye. Mai sana'ar da za ta rufe ɗakin kayanta rabin shekara, wa zai yarda sana'ar ta dame ta? Jego kwana 40 ne. Ki nemi mako 6 zuwa 8, ki bayyana al'adar a jimla biyu, yadda uwa ke zama da 'yarta bayan haihuwar fari. Kada a rubuta cewa za ta zauna raino domin ki koma aiki, wannan yana kama da aikin da bizar ziyara ba ta yarda da shi ba. Kuma in Allah ya sa aka ba ta, ta dawo a ranar da ta faɗa, domin da wannan za a auna ta a zuwa na gaba.

Lokaci na nan amma ba shi da yawa. Amsa kan fito cikin mako 3 bayan ɗaukar hoton yatsu. Ki ba kanki kwana 10 ki tattara takardu, ki cike fom ɗin da hannunki, sannan ki kira Hajiya ki karanta mata kowace amsa da Hausa, ta tabbatar haka ne kafin ki tura. Ki saya mata inshorar lafiya ta tafiya, tunda baƙo biyan kuɗin asibiti yake yi a can. Tikiti kuwa kada ki saya sai an tabbatar an ba ta biza. A gaida Hajiya, a ce mata ta yi haƙuri da hanyar Akwanga karo ɗaya kuma.