Mai ciwon sukari ya kamu da korona: wane magani ya fi masa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Mahaifina shekarunsa 67, yana shan metformin da glibenclamide saboda ciwon sukari, da kuma maganin hawan jini. Jiya gwaji ya nuna korona ce. Ina jin ana ambaton Paxlovid da molnupiravir da remdesivir. Wanne ya fi masa? Daga wata mai karatu a Garwa.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Ni Paxlovid zan fara nema masa, shi ne kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi ba wa ƙarfi tun 2022. Ƙwaya ce ta kwana 5, safe da yamma, a fara kafin a cika kwana 5 da soma ciwon. A gwajin da aka yi wa masu rauni da ba su yi rigakafi ba, ya rage kwanciya asibiti da mutuwa da kusan kashi 89 cikin 100.

Amma kada ki saya masa a farmasi kai tsaye. A cikinsa akwai ritonavir, mai hana hanta narkar da wasu magunguna, sai su taru a jini. Ba ya rikici da metformin ko insulin. Glibenclamide kuwa yana iya ƙara ƙarfi har sukari ya faɗi, amlodipine na hawan jini ma yana iya ƙara ƙarfi har jini ya sauka da yawa, simvastatin na rage kitse a jini dole a dakatar da shi, mai shan rifampicin na tarin fuka kuma ba a ba shi Paxlovid. Ga batun ƙoda: sukarin da ya daɗe yana cinta a ɓoye, idan ta raunana sai an rage adadin ƙwayar. Don haka ki zuba duk magungunansa a leda, har da na gargajiya, ki kai wa likitansa, a auna ƙodar.

Idan Paxlovid bai dace da shi ba, remdesivir ne na biyu. Ƙarfinsu kusan ɗaya ne, kashi 87, sai dai ta jijiya ake ɗura shi kwana 3 a jere, kuma samunsa a arewacin nan da wuya.

Molnupiravir ba ya faɗa da sauran magunguna, amma kashi 30 kawai ya rage, babban gwajin da aka yi a Birtaniya ma bai nuna ya hana masu rigakafi kwanciya ba. Na ƙarshe ne.

Chloroquine ba ta maganin korona, tana ma iya kayar da sukari. Dexamethasone kuwa, wanda mutane ke saye barkatai, tayar da sukari yake yi, na wanda aka sa wa iskar numfashi ne kawai. Ki riƙa auna sukarin Baba sau da yawa a rana, ya sha ruwa sosai. In numfashi ya yi wuya, ko amai ya hana shi ci, ku wuce asibiti ko da dare ne.