Sauro a Zanzibar, me za a tanada?

Hajiya, kin ce za ku hutu tsibirin Zanzibar na Tanzaniya da yara kuma sauro ne damuwarki. Akwai shi kam, musamman da damina daga Maris zuwa Mayu, amma bai kai a fasa tafiya ba.

Sauron iri biyu ne fa, na maleriya da dare yake cizo, mai kawo zazzaɓin dengue kuwa da rana yake aikinsa, to gidan sauro kaɗai ba zai isa ba. Ki nemi man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30, in za a shafa man kariyar rana shi ne farko sannan na sauro a kai, in an fito daga ruwa kuma a sake shafawa, nan ake yawan sakaci. Da magariba a sa wa yara riga mai dogon hannu, a bar fanka a kunne.

Kar ki ce ai mun saba da maleriya a gida, ki ga likita kafin tafiya kan maganin rigakafi, balle in akwai mai ciki. In zazzaɓi ya kama wani a ba shi paracetamol, banda aspirin da ibuprofen don in dengue ne suna iya jawo zubar jini, a wuce asibiti a yi gwaji.