Jirgin da direbansa ke cikin tarago: labarin ajin 1400 na Great Western

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ga bidiyon wani ƙaramin kan jirgin ƙasa mai aiki da tururi a Ingila, mai lamba 1450. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne tarago ne a gaba, kan jirgin yana baya yana turawa, direban kuma yana tsaye cikin taragon. An ce a shekarun 1930 aka ƙera shi, amma da ganin dogon bututun hayaƙinsa sai ka ce ya girmi haka nesa ba kusa ba. Yaya ake tuƙa shi, kuma me ya sa aka yi masa ƙirar da? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idonka bai yaudare ka ba, ƙirar ta da ce, kuma da gangan aka yi ta haka.

Wanda ka gani ɗaya ne daga cikin ajin 1400 na kamfanin Great Western Railway, wanda a da yake da layin dogo daga Landan zuwa yammacin Ingila da Wales. Babban injiniyan kamfanin, Charles Collett, shi ya tsara su, aka ƙera guda 75 a masana'antar Swindon tsakanin 1932 da 1936. Aikinsu shi ne layin reshe, wato gajeren dogo da ke ballewa daga babban layi ya nufi wani ƙaramin gari ya ƙare a can, kamar yadda layin Ƙauran Namoda ya balle daga Zariya, sai dai nasu rassan sau da yawa ba su wuce mil biyar ko goma ba.

In kana son gane ƙirar, fara duba halin da reshe yake ciki. Ƙarfen dogonsa mara nauyi ne, gadojinsa ƙanana, kwanoninsa matsattsu, fasinjojin da za a ɗauka kuma ba su cika tarago ɗaya ko biyu ba. Kuɗin da ke shigowa kaɗan ne. Duk kan jirgin da za a sa a nan dole ya zama mara nauyi, mara cin kwal da yawa, mai sauƙin gyara a ƙaramar rumfar ƙauye inda babu manyan kayan aiki. Tun 1868 George Armstrong ya ƙera wa kamfanin irin wannan a Wolverhampton, ajin da ake kira 517, aka ci gaba da ƙera su har 1885. Zuwa 1930 sun tsufa, wasu sun haura shekara sittin suna aiki. Collett, mutumin da ya tsara manyan jiragen Castle da King masu gudu a babban layi, da ya zo kan wannan matsala bai nemi wata sabuwar dabara ba. Ya ɗauki tsarin Armstrong kusan yadda yake, ya ƙara ƙarfin tukunya, ya yi wa ma'aikata ɗaki rufaffe mai manyan tagogi, ya gyara sassan da ke saurin lalacewa. Akwai masu ganin wannan rashin himma ne. Ni ban yarda ba. Abin da ya yi shekara sittin yana biyan buƙata a layin da ba ya kawo riba, hikima ita ce a sabunta shi a bar shi da halinsa.

Tsarin tayoyinsa ana rubuta shi 0-4-2: babu ƙananan tayoyi a gaba, huɗu manya masu ja, biyu a baya masu ɗaukar nauyin ɗakin direba da ma'ajiyar kwal. Manyan tayoyin faɗinsu ƙafa 5 da inci 2, wanda ya yi girma ga jirgi ƙarami haka, shi ya sa yake da gudu in kaya ba su yi yawa ba. Silinda biyu ne, a ɓoye tsakanin ƙarafan gindi, shi ya sa ba ka ga fistan a waje ba. Ruwansa galan 800 yana cikin tankuna biyu a gefen tukunya, ba ya jan wani taragon ruwa da kwal a bayansa. Nauyinsa duka tan 41 da ɗoriya, don haka kusan babu layin kamfanin da aka hana shi hawa.

Yanzu ga batun direba a cikin tarago, wanda shi ne ainihin abin sha'awa a wannan aji.

A ƙarshen reshe, jirgi na yau da kullum sai an kwance kansa, ya bi ta wani layi na gefe, ya zagayo ɗaya ɓangaren, a sake ɗaura shi kafin a koma. Wannan yana cin lokaci, yana buƙatar ƙarin dogo da ƙarin ma'aikaci, kuma a reshen da ake kai da komowa sau da yawa a yini, wahalar ba ƙarama ba ce. Da farko, a 1903, kamfanin ya gwada tarago mai ɗan injin tururi a cikinsa, tsakanin Chalford da Stonehouse. Mutane sun karɓe shi har ya kasa ɗaukar su, domin ba shi da ƙarfin jan ƙarin taragu ranar kasuwa, kuma in injin ya samu matsala taragon gaba ɗaya ya kwanta. Sai aka koma ga raba su: kan jirgi daban, tarago daban mai ɗakin tuƙi a ƙarshensa. Da yawa daga waɗancan taragu masu inji ma cire musu injin aka yi aka mayar da su irin wannan.

A ɗakin tuƙin taragon akwai hannun buɗe tururi. In direba ya motsa shi, wani dogon sandan ƙarfe da ya bi ta ƙarƙashin taragon yana juyawa, ya haɗu da wani a jikin kan jirgin, har motsin ya isa ga ainihin hannun tururin da ke kan tukunya. Babu lantarki a wannan haɗi, ƙarfe ne ke murɗa ƙarfe. Direba yana da birki a wurinsa, yana da waya da yake ja ta busa usur, da babbar ƙararrawa a goshin taragon da yake takawa da ƙafa don gargaɗin mutane. Saboda kowace mahaɗa tana da ɗan sako-sako, ba a wuce tarago biyu a kowane gefe, shi ya sa wani lokaci za ka ga kan jirgin a tsakiya, taragu gaba da baya.

Wanda na fi tausaya wa a wannan tsari shi ne fayaman, wato mai kula da wutar tukunya. An bar shi shi kaɗai a kan jirgin. Shi ke zuba kwal da shebur, shi ke lura da ruwan tukunya, shi ke daidaita giyar da ke rage ko ƙara tururin da ke shiga silinda, shi ke sakin birki bayan direba ya taka, duk yana sauraron ƙararrawar da direba ke kaɗa masa don ya san abin da ake so. Rabin aikin direba ne a kan albashin fayaman. Tsofaffin ma'aikata sun sha ba da labarin cewa in sandan ya yi tauri, fayaman ne ke buɗe tururin da hannunsa, ko da yake doka ba ta ce haka ba.

Ajin yana da iyakarsa. Tayoyi huɗu kawai ke ja, don haka in dogo ya jiƙe ko hawa ya yi tsanani sai su riƙa zamewa. Don kwarurrukan kudancin Wales masu tudu, Collett ya yi wani aji daban, 6400, mai tayoyi shida masu ja. Akwai kuma ƙannen 1400 guda 20, ajin 5800 na 1933, waɗanda ba a sa musu sandan tuƙi daga tarago ba, kuma su ne suka riga ƙarewa.

Lambar da ka gani ma ba ita ce ta asali ba. Da 4800 zuwa 4874 aka fito da su. A 1946, lokacin ƙarancin kwal bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kamfanin ya mayar da wasu manyan jiragen kaya masu ƙona mai, ya ba su lambobin 4800, ƙananan kuma aka mayar da su 1400. Gwajin man bai daɗe ba aka watsar, amma ba a maido musu da tsofaffin lambobinsu ba. Naka 1450, a da 4850 ne.

Abin da ya kashe su ba lalacewa ba ce. Motocin bas da na gida sun kwashe fasinjojin ƙauye, taragu masu injin dizal suka karɓi wasu layukan, sannan rassan kansu aka riƙa rufewa, tun kafin rahoton shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya, Richard Beeching, na 1963 wanda ya ƙarasa da yawa daga cikinsu. An fara ajiye su a 1956, na ƙarshe suka bar aiki a 1965. Layin Gloucester zuwa Chalford, inda suka yi suna da gudu, an daina wannan jigila a kansa a 1964.

Huɗu suka tsira. Lamba 1442 yana gidan tarihi na garin Tiverton, inda ya yi aiki a ƙarshen rayuwarsa. Lamba 1420 yana layin South Devon, sai 1450 da ka gani. Na huɗun, 1466, wasu 'yan makaranta ne huɗu suka fara neman gudummawa a 1961 don su saye irinsa, aka saye shi a 1964, kuma daga wannan yunƙuri ƙungiyar Great Western Society ta samo asali, wadda ke riƙe da cibiyar jiragen ƙasa ta Didcot. In ka sake samun bidiyon, duba ƙasan goshin taragon kusa da ƙugiyar haɗi, za ka ga kan sandan da na faɗa maka.