Dalilin da ya sa ake yanke lokacin juyowa tun daga gindin dutse

Ɗana, na ga takardar da ka bar mini a ɗakin ja-gora, kuma na ji daɗi da ka rubuto tambayar maimakon ka bar ta tana cin ka a ciki. Ka ce: "Maigida, ranar Talata ka juyo da baƙi da ƙarfe ɗaya da rabi, alhali gari garau yake, babu hadari, ga ƙololuwar dutsen muna kallo, abin da ya rage bai wuce tafiyar rabin awa ba. Har ɗaya daga cikinsu ya fusata ya ce an cuce shi. Me ya hana a ƙara musu rabin awar nan, kuma ta yaya kake sanin lokacin da ya kamata a juyo?"

Zan fara da rabin awar, domin a nan ne ido ya yaudare ka. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Rabin awar da ka auna ta ƙafarka ce, kai da kake hawan wannan hanya sau uku a mako. Mutanen da muke tare da su a ranar sun riga sun kai matakin da suke tsayawa su dafa gwiwa bayan 'yan taku kaɗan, saboda haka a lissafina ba za su ƙarasa ba sai sun ci minti 50. Kuma ban taɓa ganin baƙon da ya taka ƙololuwa ya juyo nan take ba, sai ya zauna, ya sha ruwa, ya ɗauki hoto ta kowace kusurwa, wanda ko an matsa masa zai ci minti 20. Daga nan kafin su sauko su dawo daidai inda muka tsaya muna gardama, wasu minti 40 sun tafi. Ka haɗa, za ka ga rabin awarka ta zama kusan awa biyu. Mun shigo masauki da ƙarfe huɗu da minti ashirin. Da na saurari mai fushin nan, da sai bayan ƙarfe shida za mu fito daga kurmin da ke gindin dutsen, inda duhu ke riga ko'ina sauka saboda rana tana ɓuya a bayan tsauni tun kafin ta faɗi.

Yadda ake samo lokacin kuwa lissafi ne da kowa zai iya yi da fensir, kuma daga ƙarshen yini ake faro shi a dawo baya. Ka fara rubuta lokacin faɗuwar rana, a ce ƙarfe shida da rabi. Ka cire awa biyu ka ajiye su gefe, ba na tafiya ba ne, na abin da ba a tsara ba ne: targaɗe, ɓatan hanya a cikin hazo, rafin da ya cika, ko takalmin da ya ɓalle. Kana da ƙarfe huɗu da rabi ke nan a matsayin lokacin da ya kamata kowa ya kasance a masauki. Sai ka cire tsawon saukowa, wanda a wannan hanya nake ba shi awa uku, ka samu ƙarfe ɗaya da rabi. Wannan shi ne lokacin juyowa, ko an kai ko ba a kai ba.

Domin sanin tsawon hawan, akwai ƙa'idar da wani mai hawan tsaunuka ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar a 1892, kuma har yau da ita ake farawa: a ba kowace kilomita 5 awa ɗaya, sannan a ƙara awa ɗaya a kan kowace mita 600 ta hawa sama. Hanyarmu kilomita 6 ce zuwa ƙololuwa, kuma tana ɗaga mutum mita 900. Nisan zai ci awa ɗaya da minti 12, hawan zai ci awa ɗaya da rabi, jimla awa biyu da minti 42. Sai dai ka tuna cewa Naismith ya yi wannan awo ne da ƙafar mai ƙarfi wanda ya saba, ba tare da hutu ba, a hanya mai kyau. Baƙin da suke zuwa wurin shaƙatawa irin namu galibi mutanen ofis ne da suka zo hutu da iyalansu, wasu ma takalmin da ke ƙafarsu jiya suka saye shi. Ni nakan ƙara rabin abin da ƙa'idar ta bayar, ya zama awa huɗu. Wanda ya tashi da ƙarfe bakwai zai kai da sha ɗaya, ya zauna yadda ransa yake so. Ayarin Talata bai bar masauki ba sai tara da rabi, saboda jiran mutum biyu da suka makara, kuma ka ji da kunnenka na gaya musu a bakin ƙofa cewa da wuya mu kai sama. Tun a wannan lokacin ƙololuwar ta kuɓuce musu, sai dai ba su yarda ba sai da rana ta take.

Ka ce babu hadari, kuma gaskiya ne a lokacin da ka duba. Amma hadarin tsauni yana da sa'arsa. Rana tana gasa gefen dutse tun da hantsi, iska mai ɗumi da laima tana bin gangaren tana hawa, tana hucewa yayin da take ƙara sama, har laimar ta dunƙule ta zama gajimare masu tsayi kamar an tara auduga. Shi ya sa a lokacin ruwa tsawa ta fi yawa daga tsakar rana zuwa la'asar, kuma a irin waɗannan watanni nakan dawo da lokacin juyowa zuwa ƙarfe sha biyu ko da lissafin haske ya ba ni ɗaya da rabi. In ka ga walƙiya, ka ƙirga sakan nawa ne kafin ka ji tsawa, ka raba da uku, abin da ka samu shi ne nisanta a kilomita, domin sauti yana tafiyar kusan mita 340 a sakan ɗaya. In ƙirgen bai kai 30 ba, aradu na iya riskar ku. Ku bar doron dutse da duk wani wuri mai tsini, ku nisanci bishiyar da ke tsaye ita kaɗai da bakin kogo marar zurfi, ka warwatsa mutane kada su cure wuri guda, kuma kada ku koma sama sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba.

Sanyi ma yana cikin lissafin, kuma shi ne abin da sababbin shiga aikin nan suka fi rainawa. A matsakaici, zafin iska yana raguwa da digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau, don haka ƙololuwarmu ta fi masauki sanyi da kusan digiri 6 tun kafin a yi maganar iska. Baƙon da ya jiƙe sharkaf da gumi a cikin rigar auduga ba ya jin komai muddin yana tafiya, amma da zarar ya zauna a inda iska ke kaɗawa, rigar nan za ta riƙa zuƙe ɗumin jikinsa, domin ruwa yana kwashe zafi fiye da iska ninki-ba-ninki. In zafin cikin jiki ya sauka ƙasa da digiri 35, an shiga haɗari. Ka lura da wanda yake rawar ɗari, yana tuntuɓe a inda babu abin tuntuɓe, maganarsa tana sarƙewa, ko ya kasa ɓalla maɓallin rigarsa. Wanda ya daina makyarkyata alhali bai samu ɗumi ba, shi ya fi kowa shiga uku. Duk wannan da rana ana iya shawo kansa da busasshiyar riga da abin sha mai zafi da tafiya. Bayan faɗuwar rana kuwa, da mutum goma a gajiye da tocila uku, labarin ya sha bamban.

A duwatsun da suka haura mita 2,500 akwai kuma ciwon tsayi, wanda ƙarancin iskar da huhu ke samu yake kawowa: ciwon kai, tashin zuciya, jiri da kasala. A saman Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsayin mita 5,895, abin da mutum yake samu a kowane numfashi kusan rabin na bakin teku ne, kuma ja-gororin can ba su da kalmar da suka fi maimaita wa baƙi kamar "pole pole", wato sannu-sannu da harshen Suwahili. In wata rana aiki ya kai ka irin wannan wuri, ka sani cewa wanda ya kasa tafiya a miƙe yana ɗora dunduniya a gaban yatsu, ko tunaninsa ya rikice, agogo ba ya aiki a kansa, saukowa ake yi da shi nan take.

Yanzu ga dalilin da ya sa nake yanke lokacin a ƙasa, kuma wannan ne na fi so ka riƙe. Hankalin da mutum yake da shi a gindin dutse, ya ƙoshi, ya huta, ba shi yake da shi ba a kusa da ƙololuwa. A can sama gajiya ta rage masa tunani, wahalar da ya sha tana gaya masa cewa asara ce ya juyo, kuma ja-gora kansa yana jin kunyar mutanen da suka yi tafiya mai nisa suka ba shi amana. A ranakun 10 da 11 ga Mayun 1996 mutum 8 suka rasu a Everest, dutsen da ya fi kowane tsayi a duniya, cikinsu har da shugabannin ayari biyu waɗanda babu mai shakkar ƙwarewarsu. An yi maganar juyowa da ƙarfe biyu na rana, amma wasu ba su taka ƙololuwa ba sai wajen ƙarfe huɗu, guguwar ƙanƙara kuma ta rutsa da su a hanyar saukowa. Dutsenmu bai kama ƙafar Everest ba, amma zuciyar da ke cewa "saura kaɗan" iri ɗaya ce a ko'ina.

Ni ma ta taɓa cewa da ni haka, a shekarata ta uku a wannan aiki. Wani dattijo ya roƙe ni, ya ce ba ya jin zai sake samun damar zuwa, na ƙara masa lokaci. Mun kai, ya yi murna, sannan a hanyar dawowa, da gari ya fara duhu, wata mata da ba ta ce uffan ba duk yinin ta zame a kan tsakuwa ta karya idon sawu. Mun ɗauko ta a kan makara ta wucin gadi har bayan ƙarfe goma na dare. Abin da ya fi damuna har yau shi ne, ita ba ta nemi ƙarin lokacin ba. Mai ƙarfi ne yake roƙo, mai rauni ne yake biya, kuma mai raunin nan yawanci kunya ba ta barinsa ya yi magana a gaban jama'a. Saukowa kuwa ita ce take gwada ƙafa: cinya ta riga ta gaji, gwiwa tana ɗaukar nauyin jiki a kowane taku, hankali ya koma kan wanka da gado. Saboda haka idona a kan na ƙarshen layi yake, da shi nake auna ayarin duka.

Game da fushin baƙo, maganinsa ana ba da shi ne tun da safe. Kafin a ɗaga ƙafa, ka tara su, ka faɗi lokacin juyowa da babbar murya, ka sa kowa ya dubi agogonsa ko wayarsa, ka kuma nuna musu a taswira wurare biyu da sa'ar da ya kamata a wuce kowanne. In an iso wurin dubawa na farko an makara da minti 40, ka faɗa musu a nan, domin labarin ya riske su da kaɗan-kaɗan. In lokacin ya cika, kada ka tambayi ra'ayi kuma kada ka sa a ɗaga hannu, domin ƙuri'a a kan dutse mai babbar murya ne yake cinye ta. Ka faɗa cikin ladabi cewa an juyo, ka ba su minti biyar su ɗauki hoto, sannan ka gaya musu abin da ke jiransu a ƙasa: magangarar ruwan da za a ratsa, wurin kallon tsuntsaye da yamma, da damar sake hawa gobe da sassafe ga wanda yake so. Kada ka raba ayari biyu, masu ƙarfi su ci gaba, sai in akwai ja-gora biyu cikakku, kowanne da akwatin agajin gaggawa da abin sadarwa. Kai a yanzu ba ka kai a bar maka rabin ayari ba, kuma ba raini ne ya sa na faɗi haka ba.

Akwai wani amfanin lokacin da ba ka gani daga kan dutse. Takardar da nake bari a ofis kowace safiya tana ɗauke da hanyar da za mu bi, yawan mutane, da sa'ar dawowa, kuma in sa'ar ta wuce da awa ɗaya ba a ji daga gare mu ba, masu nema za su taso. Waya ba abin dogaro ba ce, domin sabis yana ɗaukewa a kwari, sanyi kuma yana saurin cinye batir. Shi ya sa usur yake rataye a jakarka: busa shida a cikin minti ɗaya, a yi shiru minti ɗaya, a sake, ita ce alamar neman agaji da aka saba da ita a tsaunukan Turai, amsarta kuma busa uku ce. Ja-goran da yake canza lokaci yadda ya ga dama ya mai da takardar nan ta zama ƙarya, masu nema ba za su san ko jinkiri ne ko matsala ba.

Ranar Asabar akwai ayarin mutum takwas, biyu daga cikinsu yara ne, kuma hanyar tafkin sama za su bi, wadda ta fi wannan tsawo amma ba ta kai ta hawa ba. Ka auna nisanta da tsayinta a taswira, ka duba lokacin faɗuwar rana da hasashen yanayi, ka rubuta lokacin tashi, da na wuraren dubawa biyu, da na juyowa, ka kawo mini ranar Juma'a da yamma mu duba tare. Ka zo da ƙaramin littafi kuma, domin daga wannan tafiyar za ka fara rubuta ainihin lokacin da kowane ayari ya ci a kowane zango.