Rataya Talabijin a Bangon Bulo

Tambaya: Na sayi talabijin mai inci 55 a kasuwar Wuse, amma bangon falona na bulo ne mai rami a ciki. Wane irin ƙarfen ratayawa ya dace? Daga wata mai karatu a Kubwa, Abuja.

Amsa: Malama, ki fara auna tazarar ramuka huɗun da ke bayan talabijin ɗin, wato ma'aunin VESA, domin dole ƙarfen ya dace da su, ya kuma iya ɗaukar fiye da nauyinsa. Bulo mai rami ba ya riƙe ƙusa, don haka sai ma'aikaci ya huda da inji ya sa noti masu buɗewa a ciki, nesa da inda wayar lantarki ta bi. A ganina, kada a ɗaga talabijin ɗin sama. Tsakiyarsa ya daidaita da idonki idan kina zaune.