An cire mini jijiyar haƙori, ciwo ya tafi: dole ne sai na sa masa hula?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Wata 4 ke nan da aka cire mini jijiyar wani turmin haƙorina na ƙasa. Tun ranar da aka gama ban sake jin ciwo ba, alhamdulillahi. An ce in koma a sa masa hula, wato murfin da ake manna wa haƙori, sai hidimar biki ta taso, kuɗin ya tafi can. Yanzu cikon da aka yi yana ɗan gutsurewa, maƙwabciyata kuma ta ce haƙorin da aka kashe ruɓewa yake yi, gara a cire in huta. Hular nan dole ce? Daga wata 'yar'uwa a Gwammaja, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ki koma wurin likitanki a cikin makon nan, kada ki bari sai ciwo ya tuna miki. Aikin da aka yi miki bai ƙare ba. Gini ne aka kai linta, aka yafa masa leda, ga damina ta kawo kai.

A tsakiyar kowane haƙori akwai ɗan kogo mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini, yana sauka ta siraran hanyoyi har ƙarshen saiwa. Idan rami ya ci ya isa can, ƙwayoyin cuta sai su shiga, shi ne ciwon nan mai zuga da ke hana barci. Abin da likita ya yi miki shi ne, ya yi allurar kashe zafi, ya huda haƙorin ta sama, ya kwashe jijiyar da wasu ƙananan magagarai masu sirantakar allura, ya wanke hanyoyin da ruwan magani, sannan ya toshe su da wani ɗanko da ake samu daga ƙaron itace. Haƙorin gaba yawanci hanya 1 gare shi, turmi kuwa 3 ko 4, shi ya sa nasa aikin kan kai zama 2 ko 3.

To, cikon da aka ɗora a sama bayan an gama na wucin gadi ne. An yi shi ne don ya riƙe na 'yan makonni, ba wata 4 ba. Da ya fara gutsurewa, yawu ya samu ƙofa ke nan, kuma yawu cike yake da ƙwayoyin cuta. A hankali za su bi gefen ɗankon nan su gangara saiwa, ke kuwa da farko ba za ki ji komai ba, tunda mai gadin da ke yin ihu an riga an cire shi. Sai dai wata rana ki wayi gari da ɗan ƙurji a dasashi yana fitar da mugunya, ko kunci ya kumbura.

Haɗari na biyu shi ya fi tayar mini da hankali, wato tsagewa. Ramin da ya ci haƙorin ya rage masa jiki, hudawar da aka yi ta ƙara rage shi, abin da ya saura bango ne siriri kewaye da kogo. Turmi kuwa shi ke ɗaukar nauyin tauna. Ba na manta wani ɗan kasuwa daga Kantin Kwari da na yi wa irin wannan aiki, ya yi kyau ƙwarai a hoto. Ya ce zai dawo bayan Sallah. Da ya dawo, ɓarin haƙorin na naɗe cikin takarda a aljihun rigarsa: ƙashi ya tauna a cikin balangu. Na duba, tsagar ta gangara har ƙarƙashin dasashi, ta raba saiwar biyu. Babu abin da hannuna zai iya sai cirewa. Wallahi ranar na ji ciwon abin, don kuɗinsa da zaman da ya yi a kujera duk sun tafi a banza.

Hula ita ke hana wannan. Ana ɗan fere haƙorin ta kowane gefe, a ɗauki awonsa, a ƙera murfi daidai da shi, a manna. Sai ta rungume bangon duka, nauyin tauna ya bazu a kanta. Akwai ta ƙarfe zalla, akwai ta ƙarfe mai rufin tangaran, akwai ta zirkoniya, wani farin abu mai ƙarfi mai kama da tangaran, wadda ta fi su tsada. Tunda naki turmi ne na can ciki da ba a gani, ta ƙarfe ma ta wadatar, kuma tana da ƙarko. Kada ki haɗa ta da haƙorin Makka. Wancan ado ne da ake sanya wa lafiyayyen haƙori, wannan kuwa sai bakinta ya zauna cif a gindin haƙori, in ba haka ba abinci ya riƙa maƙalewa. In da haƙorin gaba ne, sau da yawa farin ciko mai kyau ya isa.

Maganar maƙwabciyarki kuwa, da kyakkyawar niyya ta faɗa, amma ba haka abin yake ba. Jijiyar ciki kawai aka cire. Saiwar na nan daram a cikin ƙashi, naman da ke riƙe da ita yana da rai. Haƙorin da aka rufe da kyau kan yi shekaru masu yawa ana tauna da shi. In aka cire, na kusa da shi za su karkato cikin giɓin, na sama ya zazzago, kuma dasa wani ya fi hula tsada nesa ba kusa ba.

Na san halin da ake ciki, kuɗi ba ya zama. Ki faɗa wa likitan gaskiya, ba abin kunya ba ne. Ko hular ba ta samu yanzu ba, zai iya cire cikon wucin gadin ya sa na dindindin, ya ɗan rage tsayin haƙorin don kada ya riƙa karo da na sama, kafin ki haɗa kuɗin. Za ki iya zuwa sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ma a duba ki. Duk inda kika je, a fara ɗaukar hoton haƙorin. In hoton ya nuna cuta ta riga ta koma saiwa, sai an sake wanke hanyoyin kafin a ɗora hula, don ba a rufe ƙazanta a ciki.

Kafin ranar, ki mayar da tauna ɗaya ɓangaren. Ki haƙura da aya, rake, goriba, ƙanƙara da kilishi. Ki ci gaba da goge wurin a hankali safe da dare da man goge baki mai fulorayid. In ya fara zogi, kanumfari kan lafar da shi na ɗan lokaci amma ba ya kashe cutar, kuma kada ki danna ƙwayar asfirin a dasashi, ƙona shi take yi. Idan kuwa kika ga kumburi ya doshi ido ko ya sauka ƙarƙashin haɓa, ko zazzaɓi ya rufe ki, ko haɗiyar yawu ta yi wuya, ki tafi asibiti a lokacin ko da tsakar dare ne, musamman in kina da ciwon suga. Allah Ya ƙara lafiya.